Ramin Albattani: Tarihin Wani Tsohon Tabo a Fuskar Wata

Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake damina ya san zaizaya. Ruwa ne ke cin gindin katanga, iska ta kwashe rairayi, kafin shekara goma ɗan tsagin da ke bakin gona ya zama kwazazzabo. A wata kuwa babu ruwan sama, babu kogi, babu iskar da za ta ɗaga ko ƙwayar ƙura ɗaya. A bisa hankali, duk abin da ya samu a can ya kamata ya zauna yadda yake har abada. Amma da zarar mutum ya sa ido a madubin hangen nesa zai ga ba haka lamarin yake ba. Wasu ramukan wata bakinsu na da kaifi kamar jiya aka haƙa su, wasu kuma sun dakushe, sun zube, ƙananan ramuka sun cinye gefensu, har sai an ƙura ido kafin a gane da can zagaye suke.

Ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin shi ne ramin da taswirorin wata ke kira Albategnius. Yana kusa da tsakiyar fuskar da wata ke nuna mana, ɗan kudu kaɗan, a cikin tuddai masu haske. Fiye da shekara ɗari huɗu ke nan mutane na kallonsa, kuma sun kwashe mafi yawan wannan lokaci suna gardama kan abin da ya haƙa shi. Da aka zo warware gardamar, ɓarnar da ke jikinsa da jikin maƙwabtansa tana cikin manyan shaidun da aka kafa.

Siffarsa

Faɗin ramin ya kai kimanin kilomita 130, wato kusan tazarar da ke tsakanin Kano da Zariya in an ja layi miƙe. Kalmar rami ma tana iya ruɗar mai karatu, domin ciki fili ne shimfiɗaɗɗe, wanda duwatsu suka kewaye kamar ganuwa. Ganuwar ta fi tsayi ta arewa maso gabas, inda ta haura mita 4,000 daga ƙasan filin. Daga ciki tana saukowa ne hawa-hawa, saboda ɓangarorinta sun zame sun zauna a kan juna. Zagayenta bai cika ba. Ya fi kama da abu mai kusurwa shida.

A cikin filin, ɗan yamma da tsakiya, akwai dutse mai tsayin kusan kilomita ɗaya da rabi, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu na kusan kilomita 20. A kan ƙololuwarsa akwai wani ɗan ƙaramin rami sabo. Ta kudu maso yamma ganuwar ta karye, domin wani rami mai suna Klein, mai faɗin kilomita 44, ya zauna daram a kanta ya haɗiye wani yanki nata. Ta arewa ma wani ramin ya ci gindin ganuwar daga ciki. Sai kuma wasu dogayen tsage-tsage da suka ratsa duwatsun, duk suna bin hanya ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, kamar an ja musu farce. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku a zuciya: ramin da ya hau kan ganuwa, tsage-tsagen da ke bin hanya ɗaya, da shimfiɗaɗɗen filin ciki. Kowannensu zai dawo a cikin labarin.

Idon farko

Tun kafin a ƙera madubin hangen nesa masana ke tambayar mene ne dabbare-dabbaren da ke fuskar wata. Ibn al-Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 11, ya rubuta maƙala guda a kan wannan tabo, inda ya nuna cewa a jikin watan kansa yake, wani sashe nasa ne bai karɓar haske kamar sauran. Sai dai ra'ayin da ya yi rinjaye a makarantun Turai shi ne na Aristotle, cewa abubuwan sama cikakku ne, sumul, ba su da aibi irin na ƙasa.

A ƙarshen 1609 Galileo Galilei ya ɗaga madubin da ya haɗa da hannunsa, mai kusanto da abu kamar sau ashirin, ya dubi wata daga garin Padua na Italiya. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne iyakar da ke raba ɓangaren haske da na duhu. Da wata sumul yake, da iyakar ta fito santal. Shi kuwa ya gan ta a karkace, ga ɗigon haske a cikin duhu, waɗanda ke girma sannu a hankali har su haɗe da ɓangaren rana, kamar yadda hantsi ke fara taɓa kan dutse kafin ya sauko kwari. A watan Maris na 1610 ya buga ɗan littafinsa Sidereus Nuncius, da zane-zanen abin da ya gani. A cikin zanen akwai wani babban rami zagayayye a kan iyakar haske da duhu, ƙasa kaɗan da tsakiya, wanda ya kwatanta da ƙasar Bohemia da duwatsu suka kewaye. Ya zana shi da girman da ya wuce kima, da alama don mai karatu ya ga yadda inuwa ke kwanciya a ciki. A 1978 masanin taswirar wata Ewen Whitaker ya bi lissafin ranakun da Galileo ya yi kallonsa, ya nuna cewa ramin nan Albategnius ne, kuma mafi yawan masana sun karɓi wannan.

Ba kowa ne ya ji daɗin labarin ba. Wani malami a Florence, Ludovico delle Colombe, ya ce ko da akwai duwatsu da kwaruruka, to wani abu garai-garai kamar ƙarau wanda ido ba ya gani ya lulluɓe su, don haka wata na nan sumul yadda magabata suka faɗa. Galileo ya mayar masa da cewa in dai an yarda a ƙirƙiri abin da ba a gani, shi ma yana iya cewa ƙarau ɗin na da nasa duwatsun da suka ninka na ƙasansa tsayi.

Yadda sunan ya samu

Galileo bai raɗa wa ramin suna ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka shiga gasar raɗin suna. A 1645 Langrenus ya cika taswirarsa da sunayen sarakuna da manyan fada. A 1647 Hevelius ya ɗauko sunayen duwatsu da tekunan duniya ya liƙa wa wata. Wanda tsarinsa ya ɗore shi ne Giovanni Battista Riccioli, limamin Katolika a Bologna, wanda a 1651 ya buga Almagestum Novum tare da taswirar da abokin aikinsa Francesco Maria Grimaldi ya zana. Riccioli ya ba ramukan sunayen masana falaki da masu falsafa, kuma bai manta da waɗanda suka rubuta da Larabci ba. Arzachel shi ne az-Zarƙali na Andalus, Azophi shi ne as-Sufi, Alfraganus shi ne al-Fargani, Thebit shi ne Sabit ɗan Ƙurra. Albategnius kuwa shi ne Abu Abdullahi Muhammad ɗan Jabir al-Battani.

An haifi al-Battani a Harran, a kudancin Turkiyya ta yau, wajajen 858, ya rasu a 929 kusa da Samarra a Iraƙi. Ya shafe kimanin shekara arba'in yana auna motsin rana da wata da taurari daga garin Raƙƙa a bakin kogin Furatu. Ya auna tsawon shekarar rana ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, wanda bai kai minti uku ba tsakaninsa da lissafin yau. Batlaimus na Iskandariyya, wanda aka daɗe ana dogaro da shi, ya yi kuskuren fiye da minti shida. Ya kuma nuna cewa girman rana a ido yana sauyawa a cikin shekara, saboda haka ana iya samun husufin da wata bai rufe rana duka ba, ya bar zobe na haske a gefe. Littafinsa na jadawalin taurari, az-Zij, Plato na Tivoli ya fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12. An buga fassarar a Nuremberg a 1537, Copernicus ya ambaci lissafinsa sau da dama, aka kuma sake buga shi a Bologna a 1645, shekara shida kacal kafin taswirar Riccioli ta fito a wannan gari.

Riccioli ya ajiye shi a wurin da ya dace. Arewa da ramin akwai Hipparchus, yamma da shi akwai Ptolemaeus, wato Batlaimus, mutanen da al-Battani ya gaji aikinsu ya kuma gyara. Sunan dai ya sha hannu a hanya daga Larabci zuwa Latin, har wanda ya san al-Battani a littafi yana iya wuce Albategnius a taswira bai gane shi ba. A 1935 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tabbatar da sunan a hukumance.

Wuta daga ciki, ko jifa daga waje

Da aka yarda ramukan na nan, sai tambaya ta koma: me ya haƙa su? Robert Hooke na Ingila ya zana ramin Hipparchus, maƙwabcin Albategnius, a littafinsa Micrographia na 1665, sannan ya gwada hanya biyu a ɗakin aikinsa. Ya jefa harsasai a cikin kwaɓaɓɓen yumɓu, ya ga sun bar ramuka masu kama da na wata. Ya kuma ɗora garin wani farin dutse a wuta har ya riƙa ɓulɓula kamar tafasasshen kunu, ya ga inda kumfa ta fashe ita ma ta bar rami. Ya zaɓi ta biyun, don bai ga inda abin jifan zai fito ba. A zamaninsa masana na ɗaukar sararin da ke tsakanin duniyoyi fanko ne, labarin duwatsu na faɗowa daga sama kuwa tatsuniyar ƙauye ce a wurinsu.

Sai a 1794 Bajamushe Ernst Chladni ya fito ya ce duwatsun nan daga sararin samaniya suke. A 1803 kimanin duwatsu 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa da rana tsaka, aka aiki Jean-Baptiste Biot ya bincika, ya dawo da rahoton da ya rufe bakin masu musu. Duk da haka ra'ayin aman wuta ya ci gaba da mulki a kan batun wata. A 1874 James Nasmyth, injiniyan da ya ƙera gudumar tururi, da James Carpenter suka buga littafi inda suka ce kowane rami bakin dutse mai aman wuta ne: ya yi ta feso toka tana zuba a kewaye har ta zama ganuwa, da ƙarfinsa ya ragu sai ta taru a tsakiya ta zama dutsen ciki. In aka dubi dutsen tsakiyar Albategnius da ɗan ramin da ke kansa, za a ga dalilin da ya sa bayanin ya shiga ran mutane. Shi kansa Hermann Klein, wanda aka sa wa ramin da ya karya ganuwar sunansa, ya ba da sanarwa cewa a 1877 ya ga sabon rami ya ɓullo kusa da Hyginus, alamar cewa har yanzu cikin wata na motsi. Bincike na baya bai gaskata shi ba.

Masu ra'ayin aman wuta na da hujja mai ƙarfi guda. In jifa ne, ai duwatsun za su zo ta kowace kusurwa, mafi yawa a karkace, don haka ya kamata ramuka da yawa su fito da tsawo kamar ƙwai. Ga shi kuwa kusan dukkansu zagayayyu ne.

Mutumin da ya bi tsage-tsagen

A 1892 Grove Karl Gilbert, babban masanin duwatsu a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya yi darare goma sha takwas yana kallon wata da madubin rundunar ruwa a Washington. Ya zo da idon wanda ya saba karanta kwari da tudu. Ya lura cewa duwatsu masu aman wuta na duniya tuddai ne masu ɗan baki a sama, ramukan wata kuwa ƙasansu ya nutse ƙasa da filin da ke kewaye da su. Sannan ya lura da tsage-tsagen nan da suka ratsa tuddan tsakiyar wata, irin waɗanda ke jikin Albategnius da Ptolemaeus da Hipparchus. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya bi kowane tsagi ya ja layinsa baya, sai duk layukan suka haɗu a wuri ɗaya: babban baƙin filin nan na arewa maso yamma da ake kira Mare Imbrium, mai faɗin fiye da kilomita 1,100.

A maƙalarsa ta 1893 ya ce Imbrium kansa ramin jifa ne, mafi girma a wannan yanki, kuma tarkacen da ya watso ne suka yi wa tuddan wannan rauni. Daga tsakiyar Imbrium zuwa Albategnius ya haura kilomita 1,400. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma inda waɗannan suka faɗo sun karce ganuwar da ke tsaye tun kafin su.

Gilbert bai iya warware matsalar zagaye ba, sai ya yi hasashen cewa wasu ƙananan watanni ne da ke kewaya duniya suka riƙa faɗawa a tsaye. Wani abin mamaki kuma, shi ɗin ne ya binciki wani rami mai faɗin kilomita 1.2 a Arizona ya yanke hukuncin cewa tururi ne ya fashe daga ƙarƙashin ƙasa. Daniel Barringer, mai haƙar ma'adinai, ya ƙi yarda. Daga 1903 ya yi ta haƙa yana neman ƙaton ƙarfen da ya yi imani yana binne a ciki, ya ƙarar da dukiya mai yawa, ya rasu a 1929 bai same shi ba. Yana da gaskiya cewa jifa ne. Abin da ya kuɓuce masa shi ne mafi yawan ƙarfen ya narke ya tarwatse tun lokacin da ya bugi ƙasa.

A nan amsar matsalar zagaye take. Ernst Öpik a 1916 da Algernon Gifford na New Zealand a 1924 sun nuna cewa dutsen da ke gudun kilomita goma sha wani abu ko ashirin a daƙiƙa ɗaya, in ya bugi ƙasa, fashewa yake yi kamar nakiya. Ƙarfin fashewar ke haƙa ramin, kuma fashewa kowane gefe take turawa daidai, ko ta ina dutsen ya ɓullo. Shi ya sa ramin kan ninka dutsen da ya haƙa shi faɗi sau goma ko fiye. In ramin babba ne, ƙasan da aka danne kan yunƙuro sama ya zama dutsen tsakiya, gefen kuma ya zame ciki hawa-hawa, duka a cikin 'yan mintuna. A 1949 Ralph Baldwin ya jera zurfi da faɗin ramukan bama-baman yaƙi tare da na ramukan wata, ya ga suna bin ƙa'ida ɗaya tun daga ƙarami har babba. A 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka gano a ramin Arizona wani nau'in ma'adini da ba ya samuwa sai da matsin da ya fi ƙarfin aman wuta.

Wanda ya hau kan wani shi ne ƙarami

Shoemaker ya ɗauki wata tsohuwar ƙa'ida ta masu nazarin duwatsu ya kai ta wata: abin da ya kwanta a kan wani ya zo ne bayansa. A farkon shekarun 1960 shi da Robert Hackman suka fara raba tarihin wata zuwa zamuna ta wannan hanya. Da ita kowa zai iya karanta Albategnius. Klein ya yanke ganuwarsa, don haka Klein ƙane ne. Tsage-tsagen Imbrium sun ratsa shi, don haka ya girmi Imbrium. Hipparchus ya fi shi lalacewa nesa ba kusa ba, ganuwarsa ta kusa bajewa, don haka shi ne yaya. Can kudu kuma ga Tycho, mai faɗin kilomita 85, da bakinsa mai kaifi da fararen zirin da suka watsu a fuskar wata. Shekarunsa kimanin miliyan 108, jariri ne a cikinsu.

Wannan hanya na faɗin wa ya riga wa, amma ba ta faɗin shekaru. Sai an taɓa dutsen da hannu. A watan Mayu na 1962 Louis Smullin da Giorgio Fiocco na jami'ar MIT suka harba hasken leza zuwa wata suka kama ɗan abin da ya dawo bayan daƙiƙa biyu da rabi, karo na farko a tarihi, kuma yankin Albategnius suka fara saitawa. Shekara goma bayan haka mutane suka taka ƙasa a maƙwabtansa.

Abu na uku da muka ce a riƙe shi ne shimfiɗaɗɗen filin ciki. Irin wannan fili mai haske ya cika Albategnius da Ptolemaeus da wasu kwaruruka da dama na tuddan tsakiya. Masana da yawa, har cikin waɗanda suka yarda ramukan na jifa ne, sun ɗauka filin narkakken dutse ne da ya malalo daga baya. Da wannan zato aka zaɓi tuddan Descartes, kimanin kilomita 350 gabas da Albategnius, don saukar kumbon Apollo 16 a watan Afrilu na 1972. An horar da John Young da Charles Duke su nemo duwatsun aman wuta. Da suka sauka suka fara ɗauka, kusan duk dutsen da suka ɗaga sai su ga tarkacen wasu duwatsu ne da zafi da matsi suka dunƙule wuri ɗaya, irin wanda jifa ke haifarwa. Tun suna can suke faɗa wa masana a Houston cewa abin da aka aiko su nema babu shi a nan. Sun dawo da kusan kilo 96, gwaji ya tabbatar da maganarsu. Gani ya kori ji. Filin ashe ɓaraguzai ne da manyan jife-jife, musamman na Imbrium, suka watso suka kwarara cikin kwaruruka suka cike su.

Ba a ce wata bai taɓa aman wuta ba. Baƙaƙen filayen da ido ke gani daga ƙasa narkakken dutse ne da ya cika manyan ramuka daga baya, duwatsun Apollo 11 da 12 sun nuna haka. Amma ramukan kansu, da abin da ya lalata su, aikin jifa ne. Daga duwatsun Apollo 14 da 15 aka ƙiyasta cewa Imbrium ya samu ne kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Albategnius ya girme shi. Don Wilhelms, a babban littafinsa na 1987 kan tarihin ƙasar wata, ya sa shi a zamanin da ake kira na Nectaris, wanda ya gabaci na Imbrium kai tsaye.

Zaizaya ba ruwa ba iska

Yanzu ana iya amsa tambayar da muka fara da ita. Abin da ya haƙa ramin shi ne ke cinye shi. Manyan jifa irin na Klein suna cire ɓangare guda a lokaci ɗaya. Tarkacen da ke tashi daga nesa suna karce tudu suna cike kwari. Kowane jifa mai ƙarfi yana girgiza ƙasa, ƙasar da ke kan gangare ta zame ƙasa. Sai kuma ƙananan ƙwayoyi, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda a duniya iska ke ƙone su tun a sama mu gan su kamar tauraro ya faɗo. A wata babu abin da ke tare su, suna sauka da cikakken gudunsu dare da rana. Suna cin fuskar dutse kamar milimita ɗaya a shekara miliyan. Zafin rana da ke kaiwa digiri 120 da sanyin dare da ke sauka ƙasa da digiri 150 a ƙarƙashin sifiri su ma suna taimakawa wajen tsattsaga dutse.

Aikin bai tsaya ba. Kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter, wanda aka harba a 2009, ya riƙa ɗaukar hoton wuri ɗaya a lokuta daban-daban. A 2016 masu nazarin hotunan suka ba da rahoton sababbin ramuka 222 da suka samu a cikin 'yan shekarun nan, suka kuma ƙiyasta cewa santimita biyu na saman ƙasar wata na jujjuyawa gaba ɗaya a cikin kimanin shekara 81,000. Sai dai jifan yau yayyafi ne in an gwada da na farkon zamani. Mafi yawan raunin da ke jikin Albategnius ya same shi ne yana da ƙuruciya, lokacin da manyan duwatsu ke yawo da yawa a tsakanin duniyoyi. Daga nan abin ya lafa, ya zauna da tabonsa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duniya ta fi wata girma da ƙarfin jan abu, don haka ruwan duwatsun da ya sauka a kansa ya sauka a kanta fiye da haka. Amma ramukan jifa da aka tabbatar a doron ƙasa ba su wuce kimanin ɗari biyu ba. Tafkin Bosumtwi da ke kudu maso gabashin Kumasi a Ghana ramin jifa ne mai faɗin kilomita 10.5; shekarunsa miliyan ɗaya da ɗoriya kawai, amma tuni ruwa ya cika shi, laka ta taru a ƙasansa, daji ya rufe gefensa. Na Vredefort a Afirka ta Kudu, mai shekara biliyan biyu, an cinye shi har sai saiwarsa ta rage. Daga zamanin Albategnius kuwa ko rami ɗaya bai tsira a duniya ba. Ruwa da iska da motsin ɓawon ƙasa sun shafe su. Wanda ke son sanin irin abin da duniyarmu ta sha a wancan lokaci, dab da sa'ad da alamun rayuwa na farko suka fara bayyana a cikin duwatsunta, a jikin irin waɗannan tsofaffin ramuka na wata zai karanta shi.

Ganinsa ba shi da wuya. Daren sha huɗu, lokacin da wata ya cika kowa ke yabonsa, shi ne mafi munin lokaci, domin rana na bisa kan ramin, inuwa ta ɓace, ganuwa da fili sun zama fari ɗaya. A nemi daren bakwai ko na takwas ga wata, bayan magariba, sa'ad da yake rabi yana tsaye a sama. A bi iyakar haske da duhu da ƙaramin madubin hangen nesa, a sauko kaɗan kudu da tsakiya. Rana na fitowa a kan ramin ke nan: ganuwar gabas ta shimfiɗa inuwa a kan filin, kan dutsen tsakiya ya kama haske, Klein na zaune a kan karyayyen gefen, tsage-tsagen kuma na nuna hanyar Imbrium. Madubin da Galileo ya gan shi da shi bai kai ingancin waɗanda ake sayar wa 'yan makaranta a yau ba.